Wasan Taubasai da Bature a Gidan Kabeji

Mutum na farko da ya yi mini Turanci a Ingila direban bas ne, kuma ban kama ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Abin kunyar shi ne ni malamin Turanci ne. Shekara da shekaru ina koyar da shi a wata sakandare a Kabo, har yara suka laƙaba mini Malam Idiyom, saboda ba na shiga aji ban rubuta musu salon maganar Turawa a allo ba. Ni na koya wa yaran ƙauyukan Gammo da Madadi cewa idan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya Bature yakan ce "it is raining cats and dogs", idan mutum ya mutu a ce "he kicked the bucket", abin da ba a cika yi ba kuwa a ce "once in a blue moon". Suna haddacewa, ina zane wanda ya manta. Na kusa shekara a ƙasar, kusan kullum ana ruwa, ban taɓa jin Bature ya ambaci kare ko kyanwa a kan ruwan sama ba. Ranar da na faɗa da bakina a tashar bas, wata tsohuwa ta dube ni ta ce rabon da ta ji wannan maganar tun kakarta tana da rai.

Karatun shekara guda ne ya kai ni, difloma ta koyar da Turanci, a wata kwaleji a gabashin ƙasar. Lokacin tsuke bakin aljihu ne a gida, albashin malami ba ya kai shi tsakiyar wata, kuma a shekarar ne aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Waɗanda suka tura ni sun biya kuɗin zangon farko, suka ce sauran zai biyo baya. Har yau yana nan biyowa. Takardar nan ita ce duk abin da na je nema. Da ita za a ɗaga ni daga matakin da na daɗe a kai, kuma saboda ita mahaifina ya yarda na bar masa matata da 'ya'yana yana ciyarwa da tsufansa.

Masaukina na farko Landan ne, gidan wani ɗan Gwarzo da ake kira Injiniya Bashari. Ban san ko injin me ya taɓa gyarawa ba, amma a gida haka ake kiransa, kuma mahaifiyarsa ta haɗo ni da kaya niƙi-niƙi in kai masa: kilishi, daddawa, kuka, yaji, har da man shanu a gwangwani. Na sha fama da kayan nan a filin jirgi. Ya karɓa, ya shinshina kilishin, bai tambaye ni lafiyar tsohuwar ba sai da na faɗa da kaina. Ya nuna mini ƙasan kicin ya ce nan zan kwana. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Turanci yake yi mini a cikin gidansa, mutumin da na san layin da aka haife shi.

Bayan 'yan kwanaki ya ce mai gidan da ya ba shi haya ba ya son baƙi.

Na ce, "Haba Injiniya, ina za ni? Makaranta ba ta buɗe ba tukuna."

Ya ce, "Malam, nan ba Gwarzo ba ce. You have to sort yourself out."

Ma'anar wannan ita ce ka san yadda za ka yi da kanka. Ya raka ni bakin ƙofa, bai ko taka waje ba, ya ce, "I'll give you a ring." Na san ma'anarta tun a gida, zan buga maka waya ke nan. Abin da littafina bai gaya mini ba shi ne lokacin da ake faɗinta, wato lokacin da mutum yake son ka ɓace masa da gani. Sauran kwanakin a wani masallaci na yi su, ladan ɗan Bangladash yana barina in kishingiɗa a bayan takalma. Injiniya bai taɓa bugowa ba. Ya ci kilishinsa lafiya.

Garin da kwalejin take ƙarami ne, shimfiɗe, gonakin kabeji da dankali sun kewaye shi, iska tana kaɗawa ba abin da zai tare ta. A nan na san kewar gida. Ba sanyin ne ya fi damuna ba, rashin gaisuwa ne. Mutum zai zo wucewa ya ce, "You alright?" wato lafiya kake. Sai in tsaya, in gyara tsayuwa, in fara ba shi amsa yadda aka koya mini, in tambayi iyalinsa da aikinsa da gajiyarsa. Kafin in kai ga iyalin ya sha kwana. Ashe ba tambaya ba ce, kai ma "alright" za ka ce kana tafe. A Kabo mutumin da ya yi maka haka sai a ce ko ba shi da lafiya, ko kuwa ba shi da tarbiyya. A can duk garin haka yake, kuma su ne suke ganin mu ne ba mu waye ba.

A aji ma haka. Idan malamarmu ta duba aikinka ta ce "interesting", kada ka yi murna, shirme ka rubuta. Idan ta ce "not bad", to ka yi abin kirki. Idan ta fara da "with respect", zagi ne yake tafe. Mutane ne da ba sa faɗin abu a inda yake, sai sun kewaya, kuma suna murmushi suna yanka ka. Na tsani murmushin nan tun a makon farko.

Kafin zango na biyu ya yi nisa, guzurina ya ƙare. Ofishin kwaleji suka kira ni, cikin ladabi ƙwarai, suka ce za su bar ni in ci gaba da shiga aji ina biya kaɗan-kaɗan, amma ba zan zauna jarrabawar ƙarshe ba sai na kammala. Wani ɗalibi ɗan Kenya ya nuna mini hanyar wani gidan gyaran kabeji a bayan gari, inda ake ɗaukar ɗalibai aikin safe da na ƙarshen mako. Aikin yana tafe da gado a cikin wasu ɗakunan kwano masu taya da suka jera a bayan rumfar aikin, suna cire kuɗin kwana daga lada. Sai ya zamana komai nawa ya rataya a kan wurin nan. Idan aikin ya tafi, gadon ya tafi, jarrabawar ta tafi, takardar ta tafi.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kabeji yana tahowa a kan bel, ka ɗauka, ka datse gindin da wuƙa, ka ɓare ganyen da ya lalace, ka jefa a kwando. Rumfar sanyi gare ta kamar cikin randa, yatsu su ƙage har ka yanke kanka ba ka sani ba. Ni da nake riƙe alli yara suna miƙewa idan na shigo, ga ni da hular leda a ka ina wa kabeji aski.

Wanda yake tsaye kusa da ni a layi sunansa Kevin. Ƙato ne, ja, wuyansa duk zane, bakinsa ba ya hutawa. Makon farko bai kula ni ba. Rannan muna ɗakin cin abinci sai talabijin ta nuno labarin Shari'a a arewacin Nijeriya, ana maganar yanke hannun ɓarawo. Kevin ya juyo ya tambaye ni daga wane ɓangare nake. Na ce Kano. Ya ajiye cokali, ya ɓoye hannayensa a hammata, ya ce wa jama'a kowa ya yi hankali da hannunsa, ga "Chopper" an ba shi wuƙa. Mai datsewa ke nan. Ɗakin ya kwashe da dariya. Daga ranar ba wanda ya sake kirana Habibu.

Raina ya ɓaci matuƙa. Addinina ne ake wasa da shi, a bakin mutanen da ba su san alƙibla ba. Na yi kwanaki ba na ɗaga kai. Idan na zo wucewa sai wani ya janye hannu cikin rigarsa ya riƙa kaɗa hannun rigar. Wata rana na ajiye wuƙa na tunkari Kevin, na ce masa cikin Turancin littafi cewa abin da yake yi bai dace da mutumin kirki ba. Ya dube ni da mamaki na gaske.

Ya ce, "I'm only taking the mickey, mate. It's just banter."

Wato tsokana ce kawai, wasa ne. Na koma wurina ina huci, amma na fara sa ido. Sai na lura ba ni kaɗai ake yi wa ba. Kevin, babban abokinsa ma "muppet" yake kiransa, wato sakarai, shi kuma ya rama da abin da ba zan iya rubutawa ba. Mai sanƙo ana zaginsa da sanƙonsa, mai tumbi da tumbinsa. Wanda ba sa so kuwa ba sa tsokanarsa sam, gaisuwar ladabi suke yi masa su wuce. Ashe zagin nan shi ne shigar da mutum cikinsu.

Nan take na ce ai na san wannan, mu muka fi kowa iya shi. Wasan taubasai ne. Ina da taubashi a Gammo, Ɗanladi, ɗan ƙanwar mahaifina. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba mu zagi juna ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini malamin da bai iya riƙe fartanya ba. Ya taɓa cire mini hula a tsakiyar kasuwa ya ce sai na fanshe ta, ranar Cika-ciki kuwa har gida yake zuwa karɓar kuɗin shara yana yi mini tijara a gaban matata. Ba mai jin haushi, don kowa ya san abin da yake ƙarƙashin wasan. Shekarar da zazzaɓi ya kusa kashe ni, Ɗanladi ne ya goya ni a babur cikin ruwa har asibitin Gwarzo, yana tafe yana cewa kada in mutu a bayansa in ɓata masa riga. Haka muka taso muka gani tsakanin Kanawa da Zagezagi, tsakanin Fulani da Barebari. Wanda aka ba damar ya zage ka, an ɗora masa nauyin ya tsaya maka. Ban taɓa tunanin akwai inda ake raba biyun ba.

Sai na saki jiki na shiga wasan, kuma na iya. Washegari da Kevin ya ce, "Morning, Chopper," na ce masa, "Morning, muppet." Layin gaba ɗaya ya ɗauki sowa. Ya buga mini kafaɗa har na kusa faɗawa kan bel. A wata biyun da suka biyo baya na koyi Turancin da ban koya ba a duk shekarun karatuna. Idan gajiya ta yi maka dukan kawo wuƙa, "knackered" ne. Idan aljihu ya bushe, "skint". Idan abu ya ƙona maka rai, "gutted". Sata "nicking" ce, kuma kalma ɗaya ce da kamun 'yan sanda, ɓarawo ya yi "nicking", shi ma a yi "nicking" ɗinsa. Idan mutum yana zuga ka don ya ga fushinka, "winding you up" yake yi. Mafi muni a wurinsu shi ne "grass", mai kai tsegumi wurin manya. Kevin da bakinsa ya gaya mini cewa a rumfar nan ana yafe komai ban da wannan. Na ji daɗin maganar, na ce ashe suna da amana.

Tunda na ɗauke shi taubashi, sai na riƙa sauke nauyin taubashi. Idan ya zo a makare yana warin giyar jiya, ni nake cika kwandunansa kafin mai duba aiki ya zagayo. Idan aka tambaya in ce yana banɗaki. Da na ji mahaifiyarsa ba ta da lafiya, na sayi lemo da ayaba, na tambayi gidan, na shiga bas na tafi dubiya. Ya buɗe ƙofa ya gan ni, fuskarsa ta canza kamar ya ga mai karɓar haraji. Ya karɓi ledar, ya ce, "Cheers, mate, she's having a lie-down," wato an gode, ta ɗan kwanta. Ya rufe ƙofar. Ko ruwa bai ba ni ba. Na tsaya a kan matakala ina ba shi uzuri, na ce ƙila jikin ne ya tsananta.

Mutum ɗaya ce a wurin take kirana da sunana. Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, ita take wanke-wanke a ɗakin cin abinci. Hausarta irin ta Gana ce, ba ta raba mace da namiji, amma ranar da na fara jin ta sai da idona ya kawo ruwa. Takan ɓoye mini tuwon masara da miyar ayoyo a cikin roba, ta tura mini ta ƙarƙashin teburin raba abinci. Duk ranar da na ɗauki azumi ita take ajiye mini abin buɗa-baki. Ba ta da yawan magana. Idan ta ji ana ihun "Chopper" ina amsawa, sai ta ce, "Habibu, ka ci abinci, ka yi aikinka, ka koma gida wurin yaranka." Nakan yi dariya in ce, "Hajiya, ai wasa ne."

Saura 'yan makonni jarrabawa, kuma saura kaɗan in kammala biyan kwaleji, abin ya faru. Naman halal ba a samunsa a garin, sai na shiga jirgin ƙasa zuwa wani gari nake sayowa, ba kuma kullum ba. Na sayo naman rago, na soya, na sa a firij ɗin ɗakin cin abinci da kowa yake sa nasa, ina tsakura kaɗan-kaɗan. Ranar Asabar da safe na buɗe na tarar da robar wayam. Na shigo rumfa raina a ɓace, na ɗauki wuƙata na tsaya a layi. Kevin ya dube ni, ya shafa tumbinsa, ya yi gyatsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "I nicked it, Chopper. Lovely, it was." Wato shi ya sace, kuma ya yi daɗi.

Layin ya ɗauka, suna buga gindin wuƙa a kan tebur suna kiran sunan nan. Na ji zafin naman, amma ai haka taubashi yake yi, ya ci naka ya gaya maka a fuska. Kuma taubashi ba a barinsa ya ci bulus. Na kama wuyan hannunsa na ɗora a kan katakon yanka, na ɗaga wuƙar sama, na ce, "Which hand, mate?" wato wane hannun. Shi da kansa ya miƙo ɗayan, ya ce in ɗauki na hagu don da na dama yake shan giya. Ya karkace baki yana kukan ƙarya. Mutane har da masu riƙe ciki. Ni ma dariya nake yi, kuma zan iya rantsuwa ban taɓa jin na zama ɗan wurin kamar a wannan lokacin ba.

Sai dariyar ta fara ɗaukewa tun daga bakin ƙofa har ta iso wurinmu. Na waiga. Manajar gidan ce tsaye, wata mata mai suna Carol, tare da wani baƙo mai farar riga da ya zo daga babban kantin da yake sayen kabejinmu, ya zo duba tsabta da tsaro. Abin da ya gani shi ne baƙin mutum ya danne hannun Bature a kan katako da wuƙa a sama. Na saki hannun. Kowa ya sunkuya kan kabejinsa kamar ba a taɓa yin dariya a duniya ba.

Ranar Litinin aka kira ni ofis. Ban ji tsoro sosai ba, don ina da shaidu cike da rumfa, kuma ina da Kevin. Carol ta ba ni kujera, ta tambaye ni ko ina son shayi. Ta ce kamfani ba ya wasa da maganar wuƙa, kuma baƙon ya ce ba zai sake sayen ko ganye ɗaya ba sai ya ji matakin da aka ɗauka. Na yi mata bayani tun daga farko, sunan da suka sa mini, watannin da aka yi ana wasan, naman da aka ci. Na ce a kira Kevin.

Aka kira shi. Ya shigo ya zauna, bai dube ni ba. Daga baya na gane lissafinsa. Idan ya ce wasa ne, mu biyu za a kora, don wasa da wuƙa laifi ne a kan kowa. Idan maganar nama ta fito, sata ce. Idan kuwa ni kaɗai na yi, shi wanda aka zalunta ne.

Carol ta tambaye shi ko wasa muke yi.

Ya ce, "Came out of nowhere." Wato haka kawai abin ya faɗo masa, ba dalili.

Ta tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ta san inda na fito, ta ga abin da ake nunawa a talabijin. Ta tambaye shi ko mu abokai ne. Ya ce, "I hardly know the bloke," wato da ƙyar ya san mutumin.

Na ce, "Kevin, ni ne fa. Ni na je duba mahaifiyarka."

Da Hausa maganar ta fito, ban sani ba. Na maimaita da Turanci. Ya ce wa Carol ai wannan ma abin tsoro ne, bai taɓa ba ni adireshinsa ba, sai ganina ya yi a ƙofar gidansu. Dubiyar da na je ita ma ta zama shaida a kaina.

Aka riƙa kiran 'yan layin ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka buga wuƙa a tebur, waɗanda suka riƙe ciki, kowa ya ce kansa yana kan aiki, bai ga komai ba. Sai a lokacin na fahimci dokar "grass" ɗin da na yaba. Ba a kai tsegumin ɗan gida, kuma ni ban taɓa zama ɗan gida ba. Hajiya Memuna ta ji komai ta tagar kicin, amma takardunta na zama ba su cika ba, ko kusa da ofis ba ta zuwa. Ban nemi ta zo ba, ita ma ba ta ce za ta zo ba.

Carol ta haɗa hannuwa, ta yi murmushin nan nasu, ta ce, "I'm afraid we're going to have to let you go." A zahiri cewa ta yi tana tsoron dole su bar ni in tafi, kamar ni nake roƙon tafiyar suna riƙe ni. Kora ce. Ta ƙara da cewa in gode ba su kira 'yan sanda ba, kuma in kwashe kayana daga ɗakin kwana kafin la'asar.

Ina fitowa da jakata na tarar da Kevin a jikin katanga yana shan taba. Ya taho, ya miƙo mini hannun nan da na ɗora a katako.

Ya ce, "No hard feelings, Chopper. Had to keep my head down. Got a kid, you know."

Wato kada in riƙe shi a zuciya, dole ce ta sa ya sunkuyar da kai, yana da ɗa. Ni uku gare ni, bai taɓa tambaya ba. Na dubi hannun, na dubi fuskarsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne da gaske yake, a wurinsa magana ta wuce, gobe zai samu wani ya sa masa suna. Na ce masa, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ya ce, "You what?" wato me ka ce. Na ɗauki jakata na wuce. Har yau ban janye ba, kuma ba ni da niyyar janyewa.

Garin ƙarami ne, masu ɗaukar ma'aikata duk sun san juna. Duk rumfar da na je, da na faɗi sunana sai a ce babu gurbi. Hajiya Memuna ta sa ɗanta ya ba ni ƙasan ɗakinsa, tana aiko mini da tuwo, ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Na je wurin malamarmu na zayyana mata komai. Ta saurara da kyau, ta ce, "I'll see what I can do," zan ga abin da zan iya yi. A lokacin Turancina ya nuna, na san an sallame ni ke nan. Ofishin kuɗi suka ce doka doka ce. Ranar jarrabawa ina tsaye a tsallaken titi ina kallon 'yan ajinmu suna shiga, ciki har da waɗanda ni nake gyara musu rubutu. Tikitin dawowa yana hannuna tun farko, shi kaɗai ne waɗanda suka tura ni suka cika alkawari a kansa.

Na iso Kabo da yamma. Labari ya riga ni, an ce Malam ya dawo daga Ingila, ƙofar gida ta cika. An shimfiɗa tabarmi, an yi dambu, limamin unguwa yana zaune. Aka yi gaisuwa mai tsawo, irin wadda na yi shekara ina kewa, amma ranar kowace "ya hanya" nauyi take ƙara mini. Da aka lafa, mahaifina ya ja ni zaure, mu biyu. Ya rame ƙwarai, hular kansa ta yi masa yawa.

Ya ce, "Habibu, ɗauko takardar a kai wa Liman ya sa mata albarka kafin mutane su watse."

Na ce, "Baba, babu takarda."

Ya ce, "Faɗuwa ka yi?"

Na ce, "Ban zauna jarrabawar ba. Korata aka yi daga wurin aiki."

"Sata ka yi?"

"A'a, Baba."

"Faɗa?"

"Wasa ne. Wasa na yi da wani Bature, irin wanda muke yi da taubasai. Shi ya fara, watanni muna yi. Da magana ta tashi sai ya ce bai san ni ba."

Na ci gaba da bayani, ina ɗaga murya, ina gaya masa irin mutanen, da murmushinsu, da rashin amanarsu. Ya bar ni har na gaji. A waje ana ta hayaniya, wani yana tambaya ko a fara raba dambun. Mahaifina ya gyara hularsa, ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Shi Baturen, wace goggon taka ce ta haife shi?"

Ya dafa bango ya miƙe, ya fita ya gaya wa Liman a yi addu'ar dawowa lafiya kawai.